BRUCE WILLIS: Ciwon Da Ya Rufe Bakin Jarumin 'Die Hard'

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo, ko ya yi hayar kaset ɗin finafinan Amurka a shekarun baya, da wuya a ce bai san mutumin nan ba. Ɗan sanda ne shi kaɗai a cikin wani dogon bene, ƙafarsa ba takalmi, farin singiletinsa ya rine da jini da gumi, yana ɗauke 'yan fashi ɗaya bayan ɗaya, yana kuma yi wa bos ɗinsu shaƙiyanci ta oba-oba. Sunansa a fim ɗin John McClane. Sunansa na yanka kuwa Walter Bruce Willis.

Abin da ya bambanta shi da su Arnold da Stallone ba ƙwanji ba ne, domin ko kusa bai kai su jiki ba. Bakinsa ne. Ana dukansa yana zuba zance, ana harbinsa yana barkwanci. To, bakin nan shi ne ciwo ya kama. Tun shekarar 2022 Bruce ya bar harkar fim, kuma a Fabrairun 2023 iyalinsa suka faɗa wa duniya sunan abin da ke damunsa: wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira FTD a taƙaice, wanda yawancin masoyansa ba su taɓa jin ko sunansa ba sai a ranar.

YARO MAI IN'INA

An haifi Bruce a ranar 19 ga Maris, 1955, a garin Idar-Oberstein na ƙasar Jamus. Mahaifinsa sojan Amurka ne da ke aiki a can, mahaifiyarsa kuwa Bajamushiya ce. Yana ƙarami suka koma jihar New Jersey. Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, ya tashi da in'ina mai tsanani, irin wadda yaro zai daɗe yana kokawa da kalma ɗaya kafin ta fito. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa sai da ya hau dandamalin wasan kwaikwayo a makaranta sannan ya gano cewa idan yana faɗin maganar da ya haddace, in'inar tana ɓacewa. Wato dai neman maganin in'ina ne ya jefa shi cikin sana'ar da ta ɗaukaka shi.

Ya yi gadi, ya yi aiki a mashaya a birnin New York yana neman a saka shi a wasa, kafin Allah ya tarfa wa garinsa nono a 1985 da shirin talabijin mai suna Moonlighting. A 1988 aka ba shi Die Hard a kan kuɗi dala miliyan 5, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Hollywood, domin a lokacin ɗan wasan barkwanci na talabijin ake ɗaukarsa. Fim ɗin ya yi kasuwar da sai da aka yi masa ci gaba har huɗu, na ƙarshe a 2013. A tsakani ya yi Pulp Fiction a 1994, da The Fifth Element a 1997, da Armageddon a 1998, da The Sixth Sense a 1999. Akwai kuma Tears of the Sun na 2003, wanda aka ce wai a Nijeriya labarinsa ya faru, aka nuna Fulani a matsayin masu kisan gilla, alhali ko ƙasar ba su tako ba, a tsibirin Hawaii suka yi ɗaukarsu. Wannan kam ba ya cikin abubuwan da za a yaba masa.

A wajen ɗaukar Die Hard na farko ne ya harba bindiga daga ƙarƙashin tebur, ƙarar ta lalata masa ji a kunnen hagu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai dawo a gaba.

LOKACIN DA AKA YI MASA DARIYA

Daga wajen 2019 masu bin finafinansa suka fara lura da wani abu. Bruce ya koma fitowa a ƙananan finafinai masu arha, irin waɗanda ba a kai su sinima, kai tsaye ake sakinsu kasuwa. Za ka ga hotonsa ƙato a jikin fosta, ka saka fim ɗin, sai ka tarar bai fi 'yan mintuna ya fito ba, fuskarsa a daskare, maganarsa gajera. Masu sharhi suka yi masa ca. Wasu suka ce son kuɗi ne, wasu suka ce ya raina masu kallo, wasu suka ce lalaci ne kawai.

Abin ya kai ga masu ba da kyautar Razzie, wato kyautar izgili da ake bai wa finafinan da suka fi muni a shekara, suka ware masa rukuni nasa shi kaɗai, suka jera finafinai 8 da ya yi a 2021, suka ce a zaɓi wanda ya fi yin shirme a ciki. A ranar 26 ga Maris, 2022 suka ba shi kyautar saboda fim ɗin Cosmic Sin. Kwana huɗu bayan haka, ranar 30 ga Maris, iyalinsa suka fitar da sanarwa cewa Bruce ya daina fim saboda yana fama da afeshiya, wato matsalar da ke hana mutum haɗa magana ko fahimtar abin da ake faɗa masa. Washegari masu Razzie suka janye kyautar tasu cikin kunya. Rashin sani ya fi dare duhu.

A ranar sanarwar ce jaridar Los Angeles Times ta buga dogon rahoto, inda ma'aikatan fim da dama suka ce sun daɗe suna ganin alamu a lokeshin. Rahoton ya ce ana saka masa wata 'yar na'ura a kunne, wani yana karanto masa abin da zai faɗa, ana rage masa yawan maganganu, ana kuma taƙaita aikinsa zuwa kwana ɗaya ko biyu. Tambayar da rahoton ya bari a zukatan mutane ita ce: idan har an ga haka, don me aka ci gaba da tura shi gaban kyamara? Fim ɗinsa na ƙarshe, Assassin, ya fito a 2023.

A gida ma ba a gane da wuri ba. 'Yarsa Tallulah ta rubuta a mujallar Vogue a 2023 cewa da farko idan an yi masa magana bai amsa ba, sai su ɗora laifin a kan kunnen nan da Die Hard ya lalata, su ce a ɗaga murya. Da shirun ya yi yawa, sai ta fara zaton ko babanta ya daina damuwa da ita ne saboda ya yi sabon aure ya samu ƙananan yara. Matarsa Emma kuma ta ce ta ga mijinta mai surutu da fara'a ya koma shiru-shiru, ya ja jiki, kamar ba shi ba, har ta ɗauka auren nasu ne ya samu matsala. Wani abin tausayin shi ne, in'inar nan da ya yi fama da ita yana yaro ta fara dawowa.

WANE IRIN CIWO NE WANNAN?

Idan aka ce ciwon mantuwa, abin da ke zuwa ran mutum shi ne tsoho tukuf wanda ya manta sunan jikokinsa, abin da ake kira gigin tsufa. Wannan galibi cutar Alzheimer ce. FTD 'yar'uwarta ce, amma hanyarsu daban. Ita tana cin ɓangarori biyu ne na ƙwaƙwalwa: na gaba, wanda ke bayan goshi, da na gefe, wanda ke saitin kunnuwa. Daga nan ta samo sunanta. Ɓangaren goshi shi ne ke riƙe da hali, da kunya, da tausayi, da tsara al'amura, da birkin da ke hana mutum faɗin duk abin da ya zo bakinsa. Na gefe kuma shi ke riƙe da harshe da ma'anar kalmomi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a waɗannan wurare sai su riƙa mutuwa sannu a hankali, wurin ya motse, har a iya ganin motsewar a hoton MRI.

Sannan ba ta jiran tsufa. Yawancin waɗanda take kamawa 'yan shekara 45 zuwa 64 ne, wato magidanta da ke tsakiyar neman abinci, masu yara a makaranta. Sanarwar iyalin Willis ta ce ita ce nau'in ciwon ƙwaƙwalwa irin wannan da ya fi yawa a tsakanin waɗanda ba su kai shekara 60 ba.

Fuska biyu ta fi zuwa da su. Ta farko ita ce ta canjin hali, kuma ita ce mai raba gida. Mutumin da aka sani da kamun kai sai ya fara ɓarin baki a cikin jama'a, ko ya ɗauki kayan mutane a shago bai biya ba, ko ya ɓarnatar da dukiyarsa a kan shirme. Wani ya daina wanka, wani ya kama cin zaƙi ba ƙaƙƙautawa, wani ya riƙa maimaita abu ɗaya daga safe har dare. Wani kuwa a ce masa an yi rasuwa a gidansa, ya ɗaga kai ya ci gaba da kallon talabijin. A farkon ciwon bai manta komai ba, ya san ranar da ake ciki, ya san hanyar gidansa, shi ya sa babu wanda ke kawo ciwo a ransa. Sai a ce ya canza, ya lalace, ya yi sabuwar budurwa. A irin garuruwanmu kuwa, kafin a kai ga likita an riga an yanke hukunci cewa sammu ne ko aljanu, wata baiwar Allah kuma ta kwana da zargi a kanta.

Fuska ta biyu ita ce ta harshe, kuma ita ce ta fi bayyana a wajen Bruce. Wani zai san abin da yake so ya faɗa amma kalmar ta ƙi fitowa, jimlarsa ta kakkarye. Wani kuma maganarsa na zuba lafiya lau, sai dai ma'anar kalmomi ke zubewa, a nuna masa cokali ya tambaya mene ne cokali. Akwai kuma waɗanda ciwon ke haɗa musu da matsalar motsi, jiki ya sandare ko tsoka ta shanye.

Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Ba musu suke yi ba, ɓangaren da zai gane akwai matsala shi ne ya lalace. Emma ta ce haka abin yake ga mijinta, bai taɓa haɗa lissafin abin da ya same shi ba.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun 1892 wani likita a birnin Prague mai suna Arnold Pick ya rubuta labarin wani majinyaci da magana ta lalace masa, aka kuma tarar gefen ƙwaƙwalwarsa ya motse. Shi ya sa shekaru da yawa ana kiransa ciwon Pick. Amma har yau gano shi wahala ne. Ƙungiyar AFTD ta Amurka, wadda ke tallafa wa masu ciwon da iyalansu, ta ƙiyasta cewa mutum 50,000 zuwa 60,000 ne ke ɗauke da shi a ƙasar, kuma a matsakaici sai an shafe fiye da shekara 3 da rabi ana yawon asibitoci kafin a faɗa wa mutum ainihin abin da ke damunsa. Kafin nan an ce masa ciwon damuwa ne, an ce taɓin hankali ne, an ce Alzheimer ce. Wannan fa a Amurka ke nan. Daga fara alamu zuwa rasuwa, ƙungiyar ta ce yawanci shekara 7 zuwa 13 ne.

INA AKA KWANA A BATUN MAGANI?

Magana ta gaskiya, babu maganin da ke warkar da shi, babu kuma wanda ke tsayar da shi. Magungunan da ake bai wa masu Alzheimer ba su yi masa aiki, wani lokaci ma ƙara birkita majinyacin suke yi, wanda hakan na daga cikin dalilan da ya sa gane ciwon daidai yake da muhimmanci. Abin da likitoci ke iya yi shi ne rage wasu alamomin da magungunan damuwa, da haɗa majinyaci da masu koyar da magana, da koya wa iyali yadda za su zauna da shi.

Sai dai masu bincike sun yi nisa idan aka kwatanta da shekara 30 da suka wuce. Yanzu an san cewa wasu sinadaran furotin ne ke dunƙulewa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kashe su, manya a cikinsu su ne tau da TDP-43. An kuma gano cewa wani kaso na masu ciwon gadonsa suka yi. An gano ƙwayar gado ta farko da ke jawo shi, mai suna MAPT, a 1998. Sai wata, GRN, a 2006. Sai kuma C9orf72 a 2011, kuma ita wannan tana jawo har da ciwon shanyewar tsoka na ALS, ta yadda a gida ɗaya wa zai kamu da wannan, ƙane ya kamu da wancan. Idan uba ko uwa na ɗauke da irin wannan ƙwaya, kowane ɗa yana da rabi da rabi na yiwuwar gadonta. Amma mafi yawan masu FTD ba su da wannan gadon, haka kawai ta same su.

Irin waɗannan iyalai masu gado su ne ƙashin bayan binciken. Akwai babban shiri mai suna GENFI a ƙasashen Turai da Kanada, da wani mai suna ALLFTD a Amurka, inda 'ya'yan masu ciwon, lafiyarsu ƙalau, suke kai kansu duk shekara a ɗebi jininsu, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, a yi musu gwaje-gwaje, domin a ga yadda ciwon ke fara saƙa tun shekaru kafin alama ta fito. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya zauna a gaban likitan da wataƙila ya san makomarsa. Mafi yawan waɗanda ake binciken a kansu dai Turawa ne, baƙar fata kaɗan ne a ciki.

An sa rai sosai a kan wani magani mai suna latozinemab, wanda kamfanonin Alector da GSK suka gwada a kan masu gadon GRN. A Oktoban 2025 sakamakon ya fito: maganin ya ɗaga sinadarin da ake so ya ɗaga a jini, amma bai rage gudun ciwon ba. Aka dakatar da shi. Iyalai da yawa sun ji wannan labari kamar saukar aradu. Akwai kuma wata dabarar da aka fara gwadawa a kan mutane ƙalilan, ta shigar da lafiyayyar ƙwayar gado cikin ƙwaƙwalwa don ta maye gurbin mai matsalar.

EMMA DA DEMI

A fim ɗin Hausa, idan aka haɗa tsohuwar mata da matar gida a ɗaki ɗaya, mai kallo ya san abin da zai biyo baya. A gidan Willis abin ya sha bamban. Bruce ya auri jaruma Demi Moore a 1987, suka haifi 'ya'ya mata uku, Rumer da Scout da Tallulah, suka rabu a 2000. A 2009 ya auri Emma Heming, suka haifi mata biyu. Sanarwar ranar 16 ga Fabrairu, 2023, wadda aka saka a shafin ƙungiyar AFTD, su bakwai ɗin ne suka sa mata hannu tare: Emma, Demi, da 'ya'yan biyar. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wata guda bayan haka Demi ce ta saki bidiyon da ake yi masa waƙar cika shekara 68, yana tsaye a tsakiyarsu yana dariya.

Ba ƙaramin alheri suka yi wa ƙungiyar ba da suka zaɓi shafinta. Wata mata ce mai suna Helen-Ann Comstock ta kafa ta a 2002, bayan ta yi jinyar mijinta da wannan ciwo ba tare da samun mai yi mata bayani ba. Shekara 20 suna ta faman a san da su, sai ga shi a yini ɗaya sunan FTD ya shiga kowace jarida a duniya.

Nauyin dai a kan Emma ya faɗa. Ta ce ranar da likita ya faɗa musu sunan ciwon, a ƙarshen 2022, ta fito ba ta ma iya furta sunan ba, ba a kuma nuna mata inda za ta dosa ba. A Maris ɗin 2023 sai da ta fito ta roƙi masu farautar hotunan taurari da su daina bin mijinta a titi suna ƙwala masa kira, suna tambayarsa ya jiki, domin hakan na ruɗa shi. A Satumbar shekarar, a makon wayar da kai kan FTD na duniya da ake yi a ƙarshen watan, ta bayyana a shirin Today na gidan talabijin ɗin NBC, ta ce ciwon nan duk gida yake kamawa, ba mutum ɗaya ba.

Da aka tsinci gawar tsohon jarumi Gene Hackman da ta matarsa a gidansu a Fabrairun 2025, bincike ya nuna matar ce ta riga rasuwa, shi kuma mai shekara 95 da ciwon Alzheimer ya ƙara kwanaki a gidan shi kaɗai kafin nasa ajalin ya zo. Emma ta yi amfani da wannan ta ja hankalin mutane cewa mai jinya ma yana buƙatar mai leƙa shi. Kowa na tambayar ya mai jiki, ba mai tambayar ya wadda ke ɗawainiya da shi.

A Agustan 2025, a wata hira da 'yar jarida Diane Sawyer ta gidan talabijin ɗin ABC, ta bayyana abin da ya jawo mata surutu. Ta ce Bruce ya koma wani gida na daban kusa da nasu, marar bene, inda masu kula da shi ke tare da shi dare da rana. Dalilinta shi ne hayaniya na tayar masa da hankali, yaran kuma ƙanana ne, sun kai ga ba su iya gayyato ƙawayensu gida, kullum cikin sanɗa suke. Mutane suka yi mata caa a intanet, wai ta yar da mijinta da ciwo ya kama shi. Ta mayar da martani cewa akwai bambanci tsakanin mai ra'ayi da wanda ya ɗanɗana. Ta ce tana zuwa wajensa safe da yamma, yaran ma suna zuwa su ci abinci tare da shi. A nan kam da wuya a ga laifinta. Abin da kawai za a ce shi ne, su suna da kuɗin gida na biyu da na ma'aikata, abin da mafi yawan masu jinya a duniya ba su da shi, kuma ita ma ba ta musa hakan ba. A watan Satumba na 2025 ta fitar da littafi mai suna The Unexpected Journey, wanda ta rubuta domin masu jinya irinta.

A wannan hirar ta ce jikin Bruce lafiya lau yake, yana tafiya da ƙafarsa, ƙwaƙwalwar ce kawai ke ba shi kunya, maganar kuma tana ta tafiya, sun koyi wata hanyar fahimtar juna da shi. Da aka tambaye ta ko akwai ranakun da yake dawowa kamar da, sai ta ce ba ranaku ba ne, 'yan daƙiƙoƙi ne. Wani lokaci dariyar nan tasa mai ƙarfi za ta fito, ko ya yi murmushin gefen baki da masu kallo suka san shi da shi tun zamanin John McClane, kafin ta gama kallonsa ya wuce.